Wanda Ya Sauko da Babanku Daga Dutsen Turkiyya

Na ji takardar ta'aziyyar da kuka haɗu kuka rubuta wa iyalan Injiniya Habibu, Allah ya ji ƙansa. Autarku ce ta karanta mini daga wayarta, don idona ba ya son ƙananan rubutu yanzu. Takardar ta yi kyau, kun nuna tarbiyya. Amma da ta zo wurin da kuka ce ta hannunsa Allah ya ceci mahaifinku a kan dutsen Turkiyya, wai da ba don jarumtarsa ba da a maraici kuka tashi, sai na ce ta dakata haka nan. Na bari aka yi sadakar arba'in, sannan na zauna rubuta wannan babin. Babanku ya rasu, Injiniya ya bi shi, ni ma ba na jin saura da yawa. Ba zan tafi in bar ku kuna gaya wa 'ya'yanku abin da bai faru ba.

A shekararmu ta uku a Riyad abin ya faru, tsakiyar shekarun tamanin. Babanku likita ne a wani asibitin gwamnati. Ni kuwa iƙamata, wato takardar zama, a jikin tasa take rataye, an rubuta ni a matsayin mai rakiya. Sunana Rakiya, takarda ma ta ce aikina ke nan. Kafin mu taho ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata a Yola, da motata nake zuwa aiki. Mahaifina direban ma'aikatar dabbobi ne, ya fi shekara ashirin yana hawa da sauka tsaunin Mambila da jif tun hanyar ba ta san kwalta ba. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, sai ya juye mini abin da ya sani. Ina 'yar shekara sha shida ya fara ba ni sitiyari a gangaren Gembu, da damina, yana zaune a gefe yana cin goro. Babanku ya san wannan sarai, don ranar da ya fara ganina ma a bayan sitiyari ya gan ni.

A Riyad duk wannan ya zama tarihi. Gidanmu a unguwar Ulaisha yake, hawa na biyu, tagogin ƙanana ne kuma a can sama, sai na taka kujera nake ganin titi. Na'urar sanyaya ɗaki tana ruri daga safe har wata safiyar. In albasa ta ƙare sai na jira Babanku ya dawo daga asibiti. Mace ba ta tuƙi a ƙasar a lokacin, wannan dokarsu ce, na sani kafin in zo, ban kuma yi wa kowa ƙorafi ba. Ni da Ummi muke wuni, tana 'yar shekara biyar, ina koya mata ƙirge da 'ya'yan dabino.

Injiniya Habibu ya riga mu zuwa da shekaru. Injiniyan hanya ne a wani kamfani, ya girmi Babanku, kuma kusan duk ɗan Najeriyar da ya sauka Riyad ta hannunsa yake bi. Shi ya samo mana gidan Ulaisha. Ranar Juma'a bayan masallaci a gidansa na Jaradiya ake taruwa, maza a falo, mu mata a ciki wurin matarsa Hajiya Asabe. Mutum ne mai kyauta da son jama'a, ba zan hana shi wannan ba. Sai dai yana son a ce shi ne. In ana labari, ko na wa ne, kafin a ƙare sai ka tarar ya shigo tsakiyarsa.

Wani likita Baturke da suke aiki tare da Babanku shi ya kawo maganar tafiyar. Ya ce me zai sa mu zauna cikin wutar Riyad a watan Agusta, alhali ƙauyensu can arewa maso gabashin ƙasarsu sai da bargo ake kwana. Ya rubuta mana wasiƙa zuwa ga baffansa. Injiniya na jin haka ya ce da motarsa za a je, babba ce mai kujeru layi uku. 'Ya'yansu suna hutu a Kano wurin kaka, saboda haka mu biyar ne: su biyu, mu biyu, da Ummi. An sha wahalar takardu, bizar fita da dawowa, bizar ƙasashen da za a ratsa, takardar mota mai ɗauke da sunan direbobi biyu, Injiniya da Babanku. Ina da ciki wata huɗu. Babanku ya so in zauna, na ce ko a ƙafa ne zan je.

Mun yi kwana shida a hanya. Muka bar hamada a baya, muka ratsa Jodan da Siriya, muka shiga Turkiyya, ƙasa tana canza launi a hankali har muka gangara bakin teku. Daga nan hanya ta juya ta nufi duwatsu. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da idon da ya shekara uku yana kallon bango da yashi ya ji ba. Gonakin shayi sun hau jikin tsauni hawa-hawa, kore shar. Ko'ina ka juya ruwa ne ke gudu. Mun kwana biyu a bakin wani dogon tafki da duwatsu suka kewaye, akwai ƙaramin masallaci a gefensa, da safe hotonsa yana kwance cikin ruwan ba ya ko motsi. Gaba kaɗan muka tarar da ruwa yana zubowa daga ƙoƙoluwar dutse, dogo siriri, kafin ya iso ƙasa ya zama feshi. Na cire niƙabi na tsaya feshin yana dukan fuskata. Ummi ta yi ta ihu tana cewa sama ta huje. Hajiya Asabe, wadda ban taɓa jin dariyarta da ƙarfi ba, ranar har da riƙe ciki.

Ƙauyen baffan likitan yana can sama, inda itatuwa suka ƙare sai ciyawa. Gidajen katako ne, makiyaya ke hawa da shanunsu su yi bazara a can. Hanyar da ta kai mu ta ƙasa ce, faɗin mota ɗaya, dutse a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma kwazazzabo ne da in ka leƙa sai ka hango kogi kamar zare. Babanku ne ya tuƙa a hawan, Injiniya ya ce bayansa na ciwo. Na lura tunda muka fara hawa Injiniya ya riƙe marikin ƙofa da hannu biyu, amma ban kawo komai a raina ba. Mutanen ƙauyen suka karɓe mu da burodin masara da man shanu da zuma. Matan suna ɗauko ciyawa a manyan kwanduna a baya, suna tsayawa su shafa kitson Ummi. Wurin ya tuna mini Mambila har na ji ƙwalla.

A kwana na uku baffan ya ce zai kai mu mu ga ƙanƙarar da ba ta narkewa. Tafiyar ƙafa ce ta wajen awa ɗaya da rabi. Muka hau har muka iske wani ƙaramin tafki mai ruwa kamar an zuba shuni, samansa kuma ga ƙanƙarar nan, ta cika tsakanin duwatsu biyu kamar kogin da aka ce masa tsaya ya tsaya. Ba fara tas ba ce yadda na zata, akwai datti da tsakuwa a jikinta, amma cikin tsagoginta shuɗi ne. Tsohon ya nuna mana da hannu da 'yar Larabcin da yake ji cewa tun kakan kakansa haka take. Daga ƙarƙashinta ruwa ke fitowa, sanyinsa har cikin haƙori.

A nan Babanku ya ce zai tsallaka rafin ya ɗauke mu hoto daga wancan gefen. Ya taka dutse na farko, ya taka na biyu, na ukun akwai gansakuka. Ƙafarsa ta zame ta faɗa tsakanin duwatsu, jikinsa ya tafi gefe guda. Na ji ƙarar karyewar daga inda nake. Da aka jawo shi, ƙashin ƙaurinsa ya huda fata ya fito, jini yana bin ruwa. Shi da kansa ya gaya mini inda zan ɗaure, na cire gyalena na ɗaure masa, muka sa sandunan makiyaya biyu muka tallafe ƙafar. Tsohon ya ƙwala kira, maza huɗu suka zo da wani faffaɗan katako. Injiniya ya kama gefe ɗaya tun daga can har ƙauye bai sake ba, kafaɗarsa har ta saluɓe. Wannan ya yi shi, ku rubuta masa.

Babu mota a ƙauyen sai tamu. Wadda ke kawo musu kaya sai bayan kwana biyu. Babanku ya ce ba zai kai kwana biyu ba, jinin bai tsaya sosai ba. Aka kwantar da kujerun baya aka shimfiɗe shi, na zauna kusa da kansa, Hajiya Asabe ta rungume Ummi, Injiniya ya shiga gaba. La'asar ta yi. Muna fara gangarowa gajimare ya taso daga kwarin ya rufe mu, yayyafi ya sauko, hanyar ta zama taɓo. Na ji yadda yake tuƙin na san akwai matsala. Ya bar motar a babbar giya, ƙafarsa na kan birki, yana dannawa yana saki. A kwana ta uku bayan motar ya ja gefe, tayar baya ta tsaya a bakin ramin, duwatsu suna gangarawa muna jin ƙararsu har ta ɓace. Ya ja birkin hannu ya kashe mota. Ya buɗe ƙofa ya fita, ya je jikin dutse ya tsuguna ya dafe kai.

Na bi shi. Na ce masa lokaci na tafiya, Dakta na zubar da jini.

"Maman Ummi, ba zan iya ba," ya ce, bai ɗago ba. "Wallahi ƙafata ba ta ɗaukata. In na koma ciki duk kashe ku zan yi. Mu jira gari ya washe."

Na ce gajimaren nan ba zai tafi yau ba, ya ba ni makulli. Ya dube ni kamar na yi wani yare. Ya fara cewa takardar mota ba sunana, kuma ni mace ce mai juna biyu. Makullin ma yana jikin mota, na juya na bar shi. Na leƙa ta taga na gaya wa Babanku ni zan tuƙa. Leɓɓansa sun yi fari. Abin da ya ce, kuma ina so ku riƙe shi, shi ne:

"Tun ɗazu nake jira ki faɗa. Yi sauri, Rakiya."

Na tattare abayata na ɗaure a ƙugu, na cire takalmi don in ji motar da tafin ƙafata. Na sa Hajiya Asabe ta sauko da Ummi suka tsaya jikin dutse, na ce wa Injiniya ya tara duwatsu a bayan tayar. Ya yi. Na tayar da mota, na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci a hankali har ta ja kanta ta koma tsakiyar hanya. Suka shigo. Injiniya bai zauna gaba ba, baya ya koma wurin Babanku. Ummi ce ta ƙi zama, ta tsaya a bayan kujerata ta riƙe kafaɗata da hannu biyu, na ce a bar ta.

Awa uku muka yi muna saukowa. Ban wuce giya ta biyu ba, birki kuwa sai dai in taɓa shi kaɗan, yadda mahaifina ya koya mini, injin ne ke riƙe mota a gangare. Ba na ganin abin da ya wuce tsawon mota biyu a gabana. Na sauke gilashi na manne da jikin dutse, har madubin gefe ya karye ban tsaya ba. Wuri biyu ruwa ya ratsa hanya, na sauka na shiga da ƙafa na auna zurfinsa sannan na wuce. Cikina ya ɗaure tamau tun daga tsakiyar hanya, ina jin ciwo yana zagayowa ta baya, ban gaya wa kowa ba. Hajiya Asabe tana ta salati. Babanku yakan yi shiru har in tsorata, sai in kira shi, ya amsa. Da muka fito daga ƙarƙashin gajimaren na hango kwalta, hannuna ya ƙi sakin sitiyari, sai da na ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A bakin kwaltar Injiniya ya yi gyaran murya ya ce in tsaya. Ya ce yanzu ya dawo daidai, kuma za a iya haɗuwa da 'yan sanda, gara a ga mai suna a takarda. Maganarsa da gaskiya a ciki, ni ma na gaji, na koma baya. Tafiyar minti ashirin ce a miƙaƙƙiyar hanya. Shi ya shiga da mu ƙofar asibiti, shi ma'aikata suka gani ya sauko daga kujerar direba, shi suka yi ta dafa wa kafaɗa da suka ji daga inda muka fito. Na ga ya buɗe baki kamar zai gyara, sai ya rufe.

An yi wa Babanku aiki, ya yi sati biyu a kwance. Likitan da ya duba ni ya ce saura kaɗan in rasa cikin, ya hana ni tashi kwana huɗu. Daga baya Injiniya ya tuƙo mu shi kaɗai har Riyad, kwana bakwai, bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. Wannan ma ku rubuta masa.

Juma'ar farko bayan dawowarmu jama'a suka cika gidanmu dubiya. Babanku na kwance a falo da ƙafa cikin filasta, maza sun kewaye shi, likitoci da injiniyoyi da ɗaliban jami'a. Mu mata muna ɗakin ciki, labule ne kawai tsakani. Ina zuba shayi na ji muryar Injiniya yana ba da labari. Ya faɗi gajimaren, ya faɗi tayar da ta tsaya a bakin rami. Sannan na ji ya ce:

"Sai na ce a raina, Habibu, yau ko kai ko dutsen nan. Na sa ta giya ɗaya, na manne da bango."

Har madubin da ya karye ya faɗa. Har shiga ruwa da ƙafa. Maza suna ta kabbara. Na tsaya da buta a hannu ina jiran muryar Babanku. Na san zai yi dariya ya ce a'a, Yaya Habibu, faɗi gaskiya. Na jira. Da ya yi magana, cewa ya yi Allah ya saka da alheri. Na dubi Hajiya Asabe, ta sunkuyar da kai tana gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

Washegari da safe na kai masa ruwan alwala na tambaye shi. Ya ce in zauna. Ya yi magana mai tsawo, cikin lallashi, irin yadda yake yi wa marasa lafiya. Ya ce Injiniya babba ne a cikin jama'a, in aka ji injiniyan hanya ya tsuguna a gefen hanya yana rawar jiki, ya gama yawo a garin nan. Ya ce mutumin ya ɗauke shi a kafaɗa, ya tuƙo mu kwana bakwai, rufa masa asiri ba zai rage ni da komai ba. Ya ce ɗaliban nan masu zafin ra'ayi in suka ji matarsa ta ɗaure abaya a ƙugu ta ja mota da namijin da ba muharraminta ba a ciki, har asibiti maganar za ta kai. Na ce ai shi mijina ma yana cikin motar, kuma a Turkiyya aka yi, ba a unguwar Batha ta Riyad ba. Sannan ya faɗi abin da na san shi ne ainihin dalilin.

"Rakiya, maza biyu a mota, a ce mace ce ta sauko da su? Ki duba mini."

Na duba masa. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, ba wanda ya tilasta ni. Na dubi mutum kwance da karyayyar ƙafa a ƙasar da ba tamu ba, na ce to. Na ɗauka magana ce ta sati biyu, za a gaji a manta.

Ba a manta ba. Duk Juma'a sai an nemi Injiniya ya maimaita, duk maimaitawa kuma sai labarin ya ƙara tsawo. Awa uku ta zama biyar. Aka sa masa suna Direban Dutse. Wani da ya je gida hutu ya kai labarin Yola, har surukata ta aiko masa da hula da turare. Mahaifina yana raye lokacin, ya aiko a cikin wasiƙa yana tambaya wace giya mutumin ya sa a gangaren, don ya ji an ce gwani ne. Na karanta wasiƙar nan na shiga banɗaki na kulle. Ban ba shi amsa ba har ya rasu, bai san 'yarsa ce ba. Injiniya kuwa tun yana kauce wa idona in mun haɗu, har ya daina. Ina jin daga baya shi kansa ya yarda shi ya yi.

Da sanyi ya shigo na haihu, namiji. Ana gobe suna Babanku ya shigo ya ce ya yanke shawara, sunan Injiniya za a sa, jama'a duk abin da suke jira ke nan, in ba a sa ba za a ce mun yi butulci. Na ce yaron nan yana cikina na sauko da motar, shi ya sha wahalar tare da ni, in sunan direba ake so a sa na mahaifina. Ya ce na biyu in Allah ya kawo. Na ce ban yarda ba. Ya ce suna haƙƙin uba ne, ya fita. Da safe aka raɗa Habibu. Baffa ɗana, yau ka san abin da ya sa ban taɓa kiran ka da sunanka ba. Kun ɗauka kara nake yi wa mai sunan. Bakina ne ya ƙi. Kai ba ka yi mini laifin komai ba, sunan kuma ka wanke shi da halinka, ya zama naka.

Ranar sunan mata sun cika ɗaki. Wata baƙuwa, matar wani likita da ba su daɗe da zuwa ba, ta tambayi dalilin sunan. Aka shiga ba ta labari, wannan ta faɗi nan, waccan ta ƙara. Ummi na zaune kusa da ƙafata tana cin alawa. Sai ta miƙe ta ce da ƙarfi:

"Ba Baba Injiniya ba ne. Mama ce ta tuƙa. Ni na riƙe ta."

Aka fashe da dariya. Wata ta ce yaran Riyad da ƙarya, ina ta taɓa ganin mace da mota. Ummi ta juyo ta dube ni, idonta ya cika, tana jira. Hajiya Asabe na gefen gado, ita ma ni take kallo. Mata fiye da ashirin, maza a bayan labule, jariri a cinyata an riga an sa masa suna. Na ja hannun 'yata na ce:

"Mafarki kika yi, Ummi. Zauna."

Ta zauna. Ba ta yi kuka ba. Ta sake kawo maganar sau ɗaya bayan kwana biyu muna mu kaɗai, na sake ce mata mafarki ne, don na ji tsoron kada ta faɗa a gidan Injiniya. Daga nan ba ta ƙara ba.

Ban iya zaman garin ba bayan wannan. Da Baffa ya yi wata takwas na ce wa Babanku zan koma gida da yara. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya turo mini Injiniya da kansa ya ba ni haƙuri, abin da ya ƙara mini ƙarfin tafiya. Na koma Yola na koma aji. Babanku ya ƙara shekara huɗu a Riyad shi kaɗai, yana zuwa hutu. Dangi suka ce na gudu na bar miji mai ɗingishi a ƙasar mutane saboda son aiki, ku ma kun taso kuna jin haka, na ga alamarsa a idon wasunku. Wannan shekara huɗun ta ci wani abu a tsakanina da shi wanda bai dawo ba, ko da yake mun zauna lafiya har ƙarshe, kuma mutumin kirki ne a kusan komai. Duk tafiyar da muka yi bayan ya dawo, in hanya ta yi muni, sai ya tsaya ya zagayo ya ba ni makulli ba tare da ya ce uffan ba. Iyakar abin da ya iya ke nan. Na so ya faɗa da baki, ko sau ɗaya, a gabanku. Bai faɗa ba.

Hajiya Asabe tana nan da rai a Kano, hankalinta garau. Wanda ke shakka ya je ya gaishe ta, ya tambaye ta a keɓe. Amma ban yarda ɗayanku ya kai wa 'ya'yan Injiniya wannan maganar ba, ubansu ne, su riƙe shi yadda suka san shi.

Ummi, ke ce kika rubuta yawancin takardar nan, na gane salonki. Ke kaɗai ce a cikin mutum biyar ɗin nan kika faɗi gaskiya, kina 'yar shekara biyar, a gaban ɗaki cike da manya, kuma uwarki ce ta ƙaryata ki. Na lura tun daga lokacin, in kin faɗi abu aka musa, sai ki ce wataƙila ke ce ba ki tuna daidai ba. Har yanzu da jikokinki kina yin haka. Ni na sa miki wannan. Kin tuna daidai. Kin tsaya a bayan kujerata awa uku, faratanki sun bar mini shaida a kafaɗa har kwana biyu. Ki yafe mini.